A Tafasa Kafin A Sha

Shekara ashirin da shida ta yi a ma'aikatar ruwa tana gwada abin da mutane ke sha, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Kwalabe. Dangi kuwa tsiya suke mata, wai ko ruwan alwala aka miƙo mata sai ta nemi takardarsa. Rahotanninta gwamnati na karɓa hannu bibbiyu, ta zuba a durowa.

Saura mata shekara guda ta yi ritaya, ta ɗebo ruwan burtsatsen unguwar da ke bayan masana'antar batir. Ta iske dalma a ciki jingim, gubar nan mai cinye ƙwaƙwalwar yara. Sau uku ta maimaita gwajin, sannan ta rubuta: "Kada a sha."

Darakta ya kira ta ofis, ya soke layin da jan biro, ya rubuta: "A tafasa kafin a sha."

"Ranka ya daɗe, dalma ba ƙwayar cuta ba ce," in ji ta. "In aka tafasa, ruwan ne zai ragu, gubar ta ƙara ƙarfi."

"Haba Dakta, so kike a ce muna shayar da jama'a guba? Wata biyu kacal mu jawo musu famfo. Sa hannu kawai."

Ta sa. Ba wanda ya ɗora mata wuƙa a wuya, gajiya ce da son a rabu lafiya. Tana fita ta buga wa ƙanwarta waya, don a unguwar take aure: "Kada yaranki su ƙara taɓa ruwan nan, kuma ki ja bakinki ki yi shiru." Rediyo ya yi ta karanta sanarwar da sunanta. Famfo dai har ta bar aiki ba a gan shi ba.

Bayan shekara biyu ta je gaida ƙanwar, yaran gidan ɓulɓul da su. Suna cikin hira maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da ɗanta mai shekara huɗu. Wuyansa a langaɓe, ba ya magana. Matar ta durƙusa har ƙasa.

"Dakta, da na ji kin zo na ce Allah ya kawo mai ilimi. Wallahi tun da kika yi sanarwa ban taɓa fashi ba. Nasa ma sau biyu nake tafasawa, don shi ne ƙaramin. Ko in ƙara na uku?"