Debit ɗin Auta

Duk unguwar babu mai son jin kalmar debit sai Iya Mai Gawayi. Kowa in saƙon banki ya shigo ya ga debit, sai ya haɗa rai kamar wanda ya tauna tsakuwa a abinci. Ita kuwa wayarta na yin ƙara za ta goge hannu a zani, ta tsallaka titi zuwa rumfar Dogo mai POS, ta manta da ciwon gwiwar da ta wuni tana ba mutane labarinsa.

Ga yadda abin ya samo asali. Lokacin da autanta ya fara bin manyan motoci, ya je buɗe asusu ba shi da waya, sai ya ba da lambar uwarsa. Daga baya ya sayi waya mai faɗin faranti, amma lalaci ya hana shi komawa banki ya canza. Ana nan ya sayar da keken ɗinkin marigayi babansa bai shawarce ta ba. Bakin Iya kuwa ba shi da birki. Ta ce kada ta ƙara ganin ƙafarsa a gidan. Yaron da tun yana rarrafe bai taɓa jin maganarta ba, wannan ɗayar ya ji. Ya tafi, ya canza layi, ba kira ba aike.

Iya ba ta karatu, Dogo ke duba mata. Ranar farko ya ce, "Iya, debit ne. Wato kuɗi sun fita daga asusu."

"Wa ya fitar?"

"Mai asusun mana."

Ta ce, "Ashe ɗan banzan yana nan da ransa." Ta koma gun buhunanta, ranar har gyara ta riƙa yi wa masu saye.

Tun daga nan ta mayar da rumfar Dogo gidan rediyo. In kaɗan aka cira, ta ce ya ci abinci. In da yawa ne, ta ce wata mai jan baki ta kama shi, Allah ya ƙara. In an cira sau biyu a yini, ta zage shi tas, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

Sai saƙon ya fara ja baya, har ya koma sai ƙarshen wata. Dogo ya duba ya ce, "An cira, Iya," ya miƙa mata wayar yana kallon wani wuri. Ta haƙura wata da watanni. Ran nan ta ƙi karɓar wayar.

"Kai, zungureren banza, dube ni nan. Wane irin mutum ne ke cin abinci sau ɗaya a wata?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Iya, ba duk debit ne hannun mutum ba. Banki ma na cire ladansa, na saƙonnin nan da na kati. Shi ma debit ne sunansa."

"To nasa hannun fa?"

"Tun kafin damina babu wanda ya taɓa katin."

Ta zauna a bencin rumfar, abin da ba ta taɓa yi ba don kada baƙin gawayi ya ɓata masa shi. Washegari ta je banki da kanta, ta bi layi. Wata yarinya mai ladabi ta ce mata sai dai mai asusun ya zo. Iya ta ce, "'Yar nan, da zai zo ai da ban zo ba."

Da ta dawo ta tambayi Dogo abin da ya rage a ciki. Ya ce ɗan kaɗan ne, ladan banki zai cinye shi nan ba da daɗewa ba.

Ta kwance bakin zani, ta fito da cinikin ranar, takardu duk sun yi baƙi, ta ajiye masa a tebur.

"Zuba masa."

"Iya, ba mu ma san ko..."

"Na tambaye ka? In ya wayi gari a wani wuri da yunwa ya sa katin nan, so kake inji ya ce masa babu?"

Dogo ya danna lambobin. Iya ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta tsaya bakin titi tana jiran motoci su wuce.