Muryar da Ke Amsa Sannu da Aiki

Ni ne na kawo maganar kwana arba'in. Gara in faɗi haka tun farko, don kada wani ya ɗauka daga waje abin ya faɗo mana. Da bakina na kawo ta, na kare ta, na yi wa mutane ba'a a kanta har na ci ƙuri'a. Malamin firamare ne ni, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na barin gardama ta wuce ta gabana ban sa mata baki ba.

Ƙanena, wanda yake bi na, ya gama karatun kwamfuta a birni ya dawo ƙauyenmu da ke gefen hanyar Bagwai, babu aiki. Da safe yana gona tare da mu, da la'asar kuma ya tafi gindin ɗorawar bayan gida, inda sabis ya fi ƙarfi, ya duƙufa kan wata tsohuwar kwamfuta. Shi da wani abokinsa ɗan Dawakin Tofa, wanda suka yi sakandare tare, suka ce za su ƙera gem, wato wasan waya. Na tambaye shi gem na me. Ya ce na noma. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Na ce, "Kai, mutum ya wuni a duƙe, ya dawo gida kuma ya huta da noma?"

Ya ce, "Yaya, ai ba don ku ba ne. Don waɗanda suka bar gida ne."

Ba su da abin da za su yi aikin da shi, sai suka buɗe guruf a waya suka nemi karo-karo. Sharaɗin shi ne duk wanda ya ba da abin da ya sawwaƙa, za a ba shi gona a cikin gem ɗin tun ranar farko, kuma yana da ƙuri'a ɗaya a duk dokar da za a kafa. Na zaci babu wanda zai kula su. Sai ga 'yan ƙauyukanmu da ke acaɓa a kudu, da masu shayi a Abuja, da ɗalibai, da matan cocin unguwar gabas, kowa yana turo nasa. Inna, mahaifiyarmu, ta sayar da 'yar akuyarta ta ce a sa mata a cikin "gonar wayar nan". Ni ma na bayar, don kada a ce yayansa ne kaɗai ya noƙe.

Yadda gem ɗin yake, fili ɗaya ne babba kowa yana ciki a lokaci guda. Gonaki ne jere da juna, an raba su da gamba kamar yadda muke yi, ga burtali ya ratsa tsakani. Kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa mai fartanya. Ka yi shuka, ka yi noman firi, ka yi maimai, in aiki ya fi ƙarfinka ka kira gayya. Amma ƙanena ya sa wani abu da ya tayar da ƙura tun makon farko. Ba za ka wuce gonar wani ba sai ka gaishe shi. Mutum-mutuminka zai tsaya cak a bakin iyaka har sai ka danna "Sannu da aiki". In mai gonar yana cikin gem ɗin, shi zai amsa da kansa a rubuce. In ba ya nan, muryarsa da ya ɗauka ranar da ya shiga ita za ta amsa maka.

'Yan birni suka ce ɓata lokaci ne, yana cin data, babu gem ɗin da ake haka a duniya. Ina cikin masu cewa a cire. Shi kuwa ya kafe. Ya rubuta a guruf cewa a garinmu, wanda ya wuce ka kana duƙe bai ce maka sannu ba, ko dai gaba kuke, ko kuma ba mutum ba ne. Haka tsofaffi suke faɗa mana game da masu wucewa da tsakar rana. Aka kaɗa ƙuri'a ya ci da ƙyar, na bar shi da ita.

Gardama ta biyu ita ce tawa. Injin da suka yi haya don ya riƙe gem ɗin ba ya ɗaukar mutane da yawa, gonaki suka ƙare, sababbi suna layi. Ga kuma waɗanda suka karɓi gona suka yi ɗoki na mako biyu suka ɓace, ciyawa ta rufe musu kunya. Ƙanena ya ce a bar musu, maƙwabta su riƙa yi musu gayya, wata rana za su dawo. Ni kuwa na ce a ba su wa'adi. Na rubuta, kuma ina tuna yadda na ji daɗin kaina lokacin da nake rubutawa: "Wanda ya yi kwana arba'in bai leƙo gonarsa ba, ko ya ƙoshi ne ko ya mutu. Duk biyun ba ya bukatar gona." Mutane suka yi ta turo dariya. Na ci ƙuri'ar nan da rata mai faɗi. Da daddawar miya a hannunsa ya same ni a tsakar gida, Inna ta aike shi, ya ce, "Yaya, ka iya magana." Washegari ya sa dokar da hannunsa.

Da daminar da ta biyo baya, bayan noman firi, zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi a kwance. Rana ta biyar da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar bakwai na koma makaranta. Lokacin tara, yara sun fita, hannuna ya buɗe gem ɗin ba tare da na yi niyya ba. Gonata tana bayan tasa, babu hanyar zuwa sai ta gefensa, shi ya tsara haka don ya riƙa tsokanata. Mutum-mutumina ya bi burtali, ya zo iyakarsa, ya tsaya. Na danna, don na saba dannawa.

"Yauwa, sannu kadai. A gaida mutan gida."

A tsakar gidanmu ya ɗauki muryar, da safe. Ana jin turmi a baya, ana jin Inna daga nesa tana cewa, "Kunun nan zai huce fa," sai farkon dariyarsa, sai abin ya yanke. Na ji wannan murya sau ɗaruruwa yana raye ban taɓa lura da dariyar ba. Na kifa wayar a kan tebur na fita, na zagaya bayan ajujuwa har aka kaɗa ƙararrawa.

Kuskuren da na yi shi ne na kunna wa Inna. Ko kuma ba kuskure ba ne, har yau ban yanke ba. Ta saurara ba ta yi kuka ba. Ta ce in sake, na ce sai an fita an dawo. Ta ce to gobe. Daga nan kullum da safe, kafin ta dama kunu, sai ta ce, "Kawo in gaida shi." Ba ta iya karatun boko ba, amma ta gane hanyar, ta gane wurin dannawa. In ya ce a gaida mutan gida, sai ta ce, "Za su ji."

A kusurwar gonarsa akwai 'yar lamba da ke nuna kwana nawa mai gona ya yi bai shigo ba. Ni kaɗai a gidan na san ma'anarta. Muna shirin sadakar arba'in, ana surfen gero, ita kuma lambar tana hawa tare da mu. Ranar da ta nuna talatin da takwas na ɗauko wayarsa daga cikin akwatin kayansa. Na san yadda yake buɗe ta. Na shiga. Mutum-mutuminsa mai jar hula ya bayyana a tsakiyar ciyawa, lambar ta koma sifiri. Na sa shi ya duƙa ya fara noma.

Kafin azahar guruf ya kama da wuta. Wani mai shayi a Abuja, ɗan unguwarmu, ya turo saƙon murya yana salati. Ya ce ya zo wucewa ya gaida marigayi kamar yadda ya saba, muryar ba ta amsa ba, ya duba sai ya ga jar hula tana motsi a cikin dawa. Ya ce wallahi sai da ya jefar da wayar cikin kwandon burodi. Dole na fito na ce ni ne.

Sai aka buɗe sabuwar gardama, wannan karon a kaina. Abokin nasa ɗan Dawakin Tofa, wanda gem ɗin ya rage a hannunsa, ya ce zai iya ware gonar mamaci daga dokar in an yarda. Wata daga cikin matan coci ta ce a bar gonar, su za su riƙa nome ta. Wani malami ya ce mamaci addu'a yake bukata, kuma bai ga dacewar a bar muryarsa tana amsa wa rayayyu gaisuwa ba. Ana cikin haka wani ɗalibi da ya daɗe a layi yana jiran gona ya turo hoton rubutuna na bara, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ko ya ƙoshi ne ko ya mutu. Na zage shi zagin da bai dace da malamin makaranta ba. Bai rama ba, kuma rashin ramawar ya fi yi mini ciwo. Aka ji kunyar kaɗa ƙuri'a, maganar ta mutu a haka. Doka tana nan, ni kuma kowa ya kau da kai ya bar ni da wayar.

Da farko sai lambar ta kusa cika nake shiga. Daga baya na koma duk mako, sannan kusan kullum. Zan faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Ina sa shi ya yi maimai, ya zuba taki, ya zagaya iyakarsa. In an gaishe shi in amsa a rubuce yadda yake amsawa. Wasu suka daina bin burtalin gaba ɗaya, suna zagaye mai nisa don kada su haɗu da jar hula. Ina kula sosai kada in shiga da safe, lokacin Inna.

Wata Asabar da kaka na manta. Ina zaure da wayarsa, ina girbe masa dawa, tawa wayar kuma na bar ta a tsakar gida tana caji. Sai na ga wani yana tahowa ta burtali. Mutum-mutumina ne, mai farar hula. Ya zo iyaka ya tsaya. "Sannu da aiki" ta bayyana a gabana. Na zauna ina kallon kaina yana gaishe ni, na kasa motsa yatsa. Daga cikin gida ba na jin komai, ko turmi. Gaisuwar ta sake fitowa. Ta fito karo na uku.

Na tashi na shiga. Inna tana zaune a kan kujerar tsugunno, ta kara wayar a kunnenta.

Ta ce, "Yau bai amsa ba."

Na durƙusa na yi mata bayani duka, har da lambar, har da wanda ya kawo dokar. Ta daɗe tana kallon wayar da ke hannuna.

Ta ce, "Wato kai ne a ciki."

"Ni ne, Inna. In ban shiga ba za a ba wani gonar."

"In ka shiga kuma shi ba ya nan."



Ta ce, "Fita masa daga gona."

"Inna, kwana arba'in ne kawai zai rage."

"Na ji. Wancan karon kwana huɗu aka ba ni."

Na fita. Na kashe wayar na mayar da ita akwati, na ba ta makullin.

Kwana arba'in ɗin nan ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ban gaya wa kowa a guruf ba, amma lambar a fili take, kowa yana gani. Mutane suka dawo bin burtalin. Gayya ba ta tsayar da lamba, duk sun san haka, amma kullum sai in tarar an girbe wani ɓangare, an ɗaure dammuna an jera. Wata rana na ga sunan ɗalibin nan a cikin masu kallo daga bakin hanya, tun da ba shi da gona ba zai iya riƙe fartanya ba. Ɗan Dawakin Tofa ya ciro muryar ya turo mini ita daban, don mu ajiye. Na kunna wa Inna. Ta saurara sau ɗaya ta ce in kashe. Ta ce, "Wannan magana yake yi shi kaɗai. Ban gaishe shi ba." Muryar tana nan a wayata har yanzu, ban sake buɗe ta ba.

Ranar ta arba'in ta gaishe shi kamar kullum. Ya ce a gaida mutan gida. Muryarta ta cikin wayar ta ce kunun zai huce, ya fara dariya, abin ya yanke. Ta ce, "Za su ji." Ta miƙo mini wayar ta tashi ta ɗora tukunya.

Washegari ba ta ce in kawo ba. Ni ne na buɗe, ina tsaye a bakin madafa. An share gonar tas, an ba wata ɗaliba daga wajen Shanono, ita ce ta gaba a layi. Na bi burtali na zo iyakar, mutum-mutumina ya tsaya cak. Babu hanyar zuwa gonata sai ta nan. Na daɗe a tsaye, ina jin haushin yarinyar da ban taɓa gani ba, ina jin haushinsa shi ma da ya kafe kan wannan gaisuwa. Sannan na danna.

"Yauwa, sannunku kadai," in ji wata siririyar murya, awaki suna kuka a bayanta.

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "An amsa?"

Na ce, "An amsa."

Ta ce, "To wuce mana."