Kalangun da na rataya wa ɗalibina

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, aka tura ni koyarwa wani ƙauye a ƙasar Gidan Rumji. Ina saurayi, kaina cike da faransanci, ina ganin duk abin da ban koya a lakol ba tsohon yayi ne.

Iyaye ba sa son lakol, wato makarantar boko, a lokacin, kowa ɓoye ɗansa yake. Sai na yi dabarar kafa ƙungiyar rawa ta 'yan makaranta, in fita da su mutane su gani, ko a daina kallonmu kamar gidan yari. Gida gida na bi ina lallashi har na samu yara. Makaɗi ne babu, don makaɗin garin ya ce shi ba ya yi wa 'yan boko kiɗa.

Akwai wani yaro ɗan aji biyu wanda ya fi kowa kai, ga shi da kunnen kiɗa. Mahaifinsa dattijo ne mai asali, zuriyar sarakunan Tibiri, kuma da ƙyar ya bar shi ya shiga lakol. Na ari kalangu na rataya wa yaron. Ya gaya mini a gidansu ba a taɓa ganga. Na yi dariya, na ce yanzu ƙasa ta samu 'yanci, kowa ɗaya ne. Ni da wayona ke nan.

Ranar kasuwar Cadakori muka fita. Yaran suka yi rawa, jama'a ta taru, ni kuwa sai washe baki nake. Can mahauta suka ji kalangu, kiɗan sana'arsu, suka baro rumfa suka shigo fili. Ɗayansu ya manna wa yaron kuɗi a goshi, kamar yadda ake yi wa maroƙa. Ashe mahaifinsa yana cikin taron, ya kawo bijimi zai sayar.

Bai yi faɗa ba. Ya ratso mutane, ya cire kalangun daga kafaɗar ɗansa ya miƙo mini, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakol.

"Mushe, karatu munka ce da kai. Ba mu ce roƙo ba."

Yaron bai sake zuwa aji ba. Na je gidansu, na kai liman, na kai maigari. Dattijon ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu fura, ya ce yaro yana gona. Kafin damina wasu iyayen ma sun janye nasu, ƙungiyar ta watse.

Har yau ban yarda kiɗa abin kunya ba ne. Amma ba ni ke zaune a gidan nan ba, kuma yaron ya gaya mini, ni ne ban ji ba. Wannan yana ci mini rai.

Shekaru da yawa bayan haka ina Agiye, wani magidanci ya tare ni a bakin tasha. Shi ya gane ni, ashe yaron nan ne. Muka gaisa, ya tambayi iyali, bai ta da tsohon zance ba. Da zan tafi sai ya zaro wata takardar likita daga aljihu, ta matarsa ce.

"Mushe, don Allah duba mini mi anka rubuta nan."

Na karanta masa. Ya yi godiya, ya ninke takardar ya tafi.