Hannun Kaka da Kunyar Ɗan Fari

Jiya a layin asibiti wata yarinya ta matsa yatsunta suka yi ƙas-ƙas, uwarta ta kai mata duka a hannu, wai za ta lalata gaɓoɓinta. Raina ya ɓaci har na isa gida, domin kakata na tuna.

A kwatas ɗin ma'aikata na Malali muka tashi, kakarmu ta wajen uba tana tare da mu. Kitso ne sana'arta, kuma ban taɓa ganin mai hannunta ba. Mata har daga Rafin Guza suke zuwa, su zauna gindin mangwaro suna jiran layi, gida ya cika da ƙamshin man shanu. In ta gama sai ta miƙo mana hannu mu ja mata yatsu. Mu yi ta rububi, kowa na so nasa ya fi ƙara, ita kuwa tana lumshe ido tana sa mana albarka.

Wata damina, lokacin marka, yatsun suka kumbura. Da safe ko ludayi ba ta iya riƙewa sai rana ta ɗaga. Ta hana mu ja, ta ce sanyi ne. Innarmu ta riƙa gasa mata da ruwan ɗumi tana shafa man kaɗanya, har Kaka ta fara komawa kitso kaɗan-kaɗan.

Ran wata Asabar tana tsakiyar yi mini shuku, sai ga Baffa, yayan babanmu, daga Unguwar Dosa. Shi irin mutanen nan ne da suka san maganin kowace cuta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga hannun, ya ce, "Hajiya, ai jini ne ya kwanta. In aka ja ya yi ƙara, shi ke nan ya saki."

To, Baffa ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko gaisuwarsa da kyar take amsawa tana kallon gefe. Kowa a gidan ya san haka, shi ma ya sani. Duk da haka ya kama babban yatsanta na dama ya finciko. Kaina na kan cinyarta, na ji jikinta gaba ɗaya ya ɗauki rawa. Ta kau da kai tana kallon katanga, hawaye na zuba. Inna tana bakin madafi, kunyar yayan miji ta rufe mata baki. Babanmu yana tsaye, amma wai ƙane ba ya katse yayansa. Manya uku, an rasa mai cewa bari! Baffa ya bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Inna ce ta ƙarasa mini kitson. Da aka kai Kaka asibiti daga baya, likita ya ce ƙarar yatsa mai lafiya ba ta cika yin illa ba, amma gaɓar da ta kumbura ba a ja. Babban yatsan nan bai ƙara lanƙwasuwa ba. Mata suka daina zuwa, ta wuni zaune da hannu a cikin zane.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya taɓa gaya wa Baffa. Har ya rasu yana bugun ƙirji a taron dangi: "Tun da na ja mata, kun ƙara jin ta yi kukan hannu?" Mutane su gyaɗa kai.

Yanzu ana ta cewa kunya ta ƙare, zamani ya lalace. Wata kunyar ina kewarta, wannan kam Allah raka taki gona. Nawa gwiwoyin sun fara ciwo, kuma jiya da safe ɗana na fari ya zo zai murza mini da ƙarfi. Na kira shi da cikakken sunansa, na ce ya ɗauke hannunsa ya je ya tayar da mota ya kai ni asibiti.