Motar da Kawu Shu'aibu Bai Sallama Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris, 1985, Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, Malam Shu'aibu Mai Landiroba na garin Wara. An yi masa sutura bayan la'asar.

Akwai abin da na sani game da ranar nan wanda ban faɗa wa kowa ba, har Inna. Ba na iya magana a gaban manya, shi ya sa na rubuta. Bara na gama firamare, a yi haƙuri da rubutuna.

Kawu, kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini in ɗaga murya ba. Sunan mahaifiyarka aka sa mini, Fatsuma, don haka "Innata" kake kirana. In na kawo maka abinci gareji, sai ka leƙo daga ƙarƙashin mota ka ce, "Innata, yau ma kin zo ki cika mu da surutu?" Alhali sallama kaɗai na yi.

Sana'arka sayen tsofaffin Landiroba. Kakan bi su har Shanga da Birnin Yauri, waɗanda kaji suka mai da su akurki, ka jawo su gida, ka kwance su ƙarfe-ƙarfe, ka tashe su. Masu saye suna zuwa daga Sakkwato da Kwantagora. Amma kafin su tafi, mutanen Wara sun sha amfaninsu. Da damina, in hanyar Yelwa ta zama laka, ƙofarka ake bugawa idan naƙuda ta yi tsanani. Ba ka taɓa tambayar ko matar wane ce ba.

Kana da ka'ida biyu. Ta farko, motar da ba ka gama da ita ba kakan cire mata rota, wani ɗan baƙin abu kamar kan yatsa da wuta ke bi ta kansa zuwa fulogi, ka soke shi a naɗin hularka. In babu shi inji ba ya tashi. Ta biyu, ba ka sayar da mota sai ka kai ta ƙofar mai ita na farko, ko magadansa, sun shiga sun zauna, sun ce sun sallama. Na tuna tsohon malamin dabbobi na Shanga. Idonsa ya mutu, amma da ya shafa sitiyari sai ya ce, "Ita ce," ya yi ta kuka. Ka jira shi a rana har ya gama.

Bara, da ruwan Kainji ya ja baya fiye da yadda aka saba, masunta suka ga rufin mota a cikin laka, a kan tsohuwar hanyar da ke zuwa garuruwan da ruwa ya ci lokacin da aka datse kogi. Da shanu aka jawo ta. Mutane suka yi ta dariya, suka ce Shu'aibu ya sayi gidan tarwaɗa. Kai kuwa ka kama aiki. Ka canza mata inji, ka kankare ta, ka yi mata koren fenti. Ta tashi.

Sai dai ba ta taɓa bushewa ba. Ko a tsakiyar bazara, in na sa ƙafa a ciki, sai in ji danshi a tafin ƙafata, da warin laka. Ka ce ba daga lagireto ba ne, ka duba.

Wata rana ka ce in shiga mu gwada ta. Da muka kai mararrabar da tsohuwar hanya ta rabu da sabuwa, ka rage gudu, ka ɗaga hannuwanka biyu daga sitiyari. Na ga ya juya a hankali, shi kaɗai, ya nufi ruwa. Ka taka birki.

"Innata, mi kinka gani?"

Na nuna sitiyarin da yatsa.

"To, ni ma shi na gani," ka ce. "Ba a sallame ta ba. Har yanzu gida take nema."

Daga nan ka shiga neman mai ita. Babu lamba a jikinta, tsatsa ta cinye. Ka bi sababbin ƙauyukan da aka mai da mutanen, kana tambayar tsofaffi. Wani ya ce ta wani mai sayen kifi ce, wani ya ce bai taɓa ganin mota a garinsu ba. Alhaji Isa na Yelwa ya zo sau da yawa yana so, don ya riƙa ɗaukar mata 'yan kasuwa da ita. Ka ba shi ruwa, ka ba shi haƙuri.

Ranar Talatar nan na kawo maka tuwo da azahar. Babu kai, babu motar. Hularka tana rataye a ƙusa. Sawun tayoyi ya fita daga gareji, jiƙe sharkaf a kan busasshiyar ƙasa. Na zauna ina jira har sawun ya bushe.

Masunta ne suka same ka a ƙarshen tsohuwar hanya, tayoyin gaba a cikin ruwa, kana zaune, hannuwanka a kan cinya. Malamin asibiti ya ce zuciya ce. Baba Tabawa mai banda kifi ta ga wucewarka. A wurin zaman makoki na ji tana cewa, "Na gaishe shi bai amsa ba. Motar ko, ko tari ba ta yi. Na ce kai, Shu'aibu ya iya gyara."

Ni na ɗauko hularka na kawo gida. A hanya na ji wani abu mai tauri a cikin naɗin. Rotar ce.

Ban san abin da zan ce a kan wannan ba. Allah ne masani. Na san dai akwai tudu tsakanin gareji da bakin ruwa, kuma ba wanda ya ga ana tura ta.

Da aka jawo motar gida, babban ɗanka, Yaya Magaji, ya buɗe inji ya ga wurin rota wayam. Yana zaton yara ne suka sace a bakin ruwa. Alhaji Isa ya dawo bayan addu'ar bakwai, kuma na ji an ce sun daidaita da Yaya Magaji a kan cinikin motar. Hanyar da zai riƙa bi da matan ta mararrabar nan take wucewa. Inna ma motar kasuwa take shiga.

Ya Allah, ka jiƙan Kawu Shu'aibu, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙa fitar da mutane daga laka, ka fitar da shi daga kowane ƙunci, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Gwaggo Larai, da Inna da ta rasa yayanta, da 'ya'yansa, da duk mutanen Wara. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Yaya Magaji, ba yara ba ne. Rotar tana wurina. Na san kana iya aikawa Yelwa a sayo wata, ba ni da ikon hana ka. Ina roƙonka ka jira. Na riga na yi magana da Baba Tabawa, ta yarda in riƙa bin ta a kwalekwale ranakun kasuwa zuwa ƙauyukan da Kawu bai kai ba. Zan tsaya gaban tsofaffi in tambaye su da bakina. Ranar da wani ya shiga motar nan ya zauna ya ce ya sallama, ni da kaina zan kawo maka rotar a cikin hular.

Fatsuma Jibrin, Wara