Idon Baba Umara

Kowa a fadamarmu ta bayan Auyo ya san Baba Umara, wanda bai san fuskarsa ba ya san ihunsa. Ni Safiyanu maƙwabcin gonarsa ne, kunya ɗaya ce ta raba shinkafata da tasa, don haka ba labari aka ba ni ba.

Tun yana saurayi aikinsa ke nan, gadin tsuntsu. Da shinkafa ta fara zuba nono, ƙwayar tana ruwa-ruwa, sai ya kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, ya ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, ya rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Wannan kowa ya iya. Sanin lokacin jan igiyar shi ne aikin. Tsuntsayen nan wallahi kamar uwa ɗaya ta haife su, janbaki da macen marai da gwara, duk ƙanana, duk ruwan ƙasa. Ga shi da damina bakin macen janbaki yakan koma rawaya, sai ka rantse marai ce. Marai za ta ɗan tsinta ta kama gabanta. Janbaki kuwa in ya sauka, kara kaɗai zai bar maka. In kuma ka riƙa kaɗa wa kowane tsuntsu gwangwani, sai su saba da ƙarar, ranar da kake bukata ko gezau ba za su yi ba.

Garke zai taso daga cikin kachala, ciyawar nan da ta cinye mana bakin kogi, ni in zabura in cafki igiya. Shi ko a jikinsa.

"Zauna, kai sarkin tsoro, marai ne."

"Baba, yaya ka gane daga nan?"

"Dubi tashinsu mana! Janbaki birgima yake, na baya su tsallake na gaba."

Haka muka shekara da shekaru, in ya ja igiya mu ja, in ya zauna mu zauna.

Bara ne abin ya fara lalacewa. Yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Matarsa Zainaba ce ta gane, ta yi ta fama ya je asibiti a Haɗejiya, kullum sai ya ce bayan girbi. 'Ya'yansa duk suna birni, gonar nan ita ce abincinsu shi da tsohuwa, ba su da wata. Tsoro ya kama shi, ya koma jan igiya ga duk abin da ya gitta. Ko balbela ta wuce sai ka ji karan-karan. Tun hantsi muryarsa ta dushe, tafin hannunsa duk ya sale. Haushi ya ishe ni, na ce masa, "Haba Baba, so kake ka mai da su 'yan gida?" Ya ci gaba da jan igiyarsa. Na ji tausayinsa, amma ni ma na gaji.

Bana kuwa, ana saura kaɗan a sa lauje, wata la'asar sakaliya tsuntsaye suka taso. Sama ta yi duhu ta gabas. Muka ja igiya, muka yi ihu, muka yi jifa da majajjawa, ina! Suka zauna a kan gwangwanayen ma suna lilo. Na bar tawa na ruga rumfarsa, na tarar da shi tsaye, igiya a hannu, yana kallon wajen da ba nan suke ba.

"Safiyanu," ya ce a hankali, "su wane ne waɗannan? Marai ne?"

Tunda nake ban taɓa jin ya tambayi wani sunan tsuntsu ba.

"Janbaki ne, Baba."

"Sun yi nisa?"

"Sun wuce rabin gonar."

Ya saki igiyar, ya laluba ya zauna a bakin rumfa, ya miƙe ƙafa.

"Koma ka ceci taka," ya ce. "In ka gama ka zo ka kai ni gida, ba na ganin hanya."