Zaren da Malam Hamidu Ya Ce a Bari

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu na wannan shekara ta 1958, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Hamidu ɗan Malam Muhammadu a gidansa da ke Yako, ƙasar Kiru, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana ɓoye mana. Ina kan keken ɗinkina aka zo aka gaya mini. Dukkanmu na Allah ne, kuma can wurinsa za mu tattara. An yi masa sutura kafin faɗuwar rana. Yawancin mutanen Badafi da na Ɗansoshiya, waɗanda labari bai riske su da wuri ba, sun yi ta zuwa gaisuwa har bayan sadakar uku.

Ni Mamman ne, maɗinki, maƙwabcinsa tun muna yara. Ban kai in yi magana a kan iliminsa ba, wannan sai malamai. Abin da na sani shi ne tafiyar da muka riƙa yi tare zuwa birnin Kano kowace shekara bayan an sayar da gyaɗa, ni don zare da yadi, shi kuwa don rumfunan masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi. A kan wannan zan yi rubutu, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci, inda shi ne ma ya matsa mini na shiga.

Malam, kai ka san irin mitar da na sha yi maka. Mukan hau jirgin ƙasa a tashar Yako da safe. Kafin azahar na gama sayayyata, na ƙulle kayana, na shirya komawa gida. Kai kuwa a lokacin ba ka wuce rumfa ta biyu ba. Layin masu littattafai ba shi da faɗi, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkata. A gaba ake jera sababbi, bugun Masar, masu bango mai ƙyalli, tare da alluna da carbi da tawada. Waɗannan ɗaga su kawai kake yi, ka shinshina, ka mayar. Abin da kake nema yana can ƙurya: tsofaffin littattafan rubutun hannu da magada suka kawo, wasu cikin gafaka, wasu an ɗaure da igiyar fata, wasu kuwa fallaye ne zube cikin adudu, ba farko ba ƙarshe, gara ta ci gefensu. Sai ka cire takalmi, ka durƙusa, ka fara juya su ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye a kanka da ƙunshin yadi a kafaɗa.

Ka san halin kowane mai rumfa. Akwai wanda ba ya barin a taɓa kayansa sai ya tambayi ko mutum yana da alwala. Akwai wanda kowane littafi aka ɗauka sai ya ce daga Borno ya zo, ko da kuwa jiya aka kwafe shi a bayan kasuwa. Akwai kuma Malam Ɗanasabe, dattijo mai jan ƙafa, wanda in ya hango ka yakan shimfiɗa maka buzu, ya ɓara maka goro, ya tafi masallaci ya bar maka rumfar. Sau da yawa na ga ka sayar masa da allo kana tsakiyar dubawa, ba ka ko ɗaga kai ba. Ban iya tuna yawan lokutan da jirgin yamma ya tafi ya bar mu, muka kwana a zauren wani a Fagge, ina ta fushi kana ba ni haƙuri kana dariya.

Wanda bai sani ba yakan ɗauka son littafi ne kawai. Son littafi akwai shi, amma akwai abin da kake nema.

A wajenmu ba a ɗinke littafin rubutun hannu. Fallaye ne a jere, a sa su tsakanin bango biyu a ɗaure. Amfanin haka, malami yana iya ba ɗalibai uku aron littafi ɗaya a lokaci guda, wannan ya ɗauki babin tsarki, wancan babin azumi. Illarsa kuwa ita ce ta faɗo wa gidanku. Mahaifinku, Malam Muhammadu, ya kwafi wani babban littafin fikihu da hannunsa, ya cika gefensa da bayani cikin ajami da jar tawada. Da ya rasu, yau shekara talatin ko fiye, aka zo rabon gado, kowa cikinku ya ce littafin nan yake so. Sai masu rabo suka yi abin da aka saba, suka kasa fallayen yadda ake kasa hatsi. Kai ka sami farko, yayanka Bashir ya sami tsakiya, ƙanwarku Kulsum ta sami ƙarshe. Kulsum ta miƙa maka nata tun kafin a naɗe tabarma. Bashir ya tafi da nasa Kano, inda ya koma da zama. Wata shekara da aka yi fari, hatsi ya yi wuya, ya kai su Kurmi ya sayar ya ciyar da iyalinsa. Wanda ya saya bai daɗe ba ya rasu, kayan rumfarsa suka watsu a hannun 'yan kasuwa.

Ban taɓa jin ka zargi Bashir ba. Ka ce da kai ne, da haka za ka yi. Da ya rasu kai ka je ka ɗauko 'yarsa Habiba, ka riƙe ta tare da naka, ka aurar da ita daga ɗakin Safara'u, matarka, ba wanda zai ce ba ita ta haife ta ba. Amma tsakiyar littafin nan ta tsaya maka a rai. Kana karantar da ɗalibai, in an zo wurin giɓin sai ka ɗauko bugun Masar ka cike da shi. Karatun ɗaya ne, ka ce, amma babu muryar Baba a gefe.

Hannun mahaifinku ya ɗan karkata hagu, kuma yakan zana ƙaramar da'ira da jar tawada a ƙarshen kowane babi. Ni da ban iya Larabci ba, tsayuwar da na yi a kanka ta sa na gane hannun nan ko daga nesa. Kaɗan-kaɗan ka riƙa tsinto su: wata shekara falle biyu cikin adudun wani, wata shekara ka dawo hannu wofi, wata shekara babi guda cif a cikin littafin da ba nasa ba. Na tuna ranar da ka sayi bangon wani littafi ka bar littafin. Mai rumfar ya dube ni, ya tambaye ni a hankali ko abokina lafiya yake. Da muka dawo gida ka ɗora bangon a kan tururin tukunyar Safara'u, ƙaron da aka manne shi da shi ya saki, sai ga fallayen mahaifinku an liƙa su a ciki don bangon ya yi ƙarfi. Ranar ce kaɗai na ga hawayenka, kuma ka ce tururi ne.

Ba naka kaɗai kake tsintowa ba. Ka taɓa cin karo da littafi mai sunan wani malamin Badafi da ya rasu ya bar ƙananan yara. Ka saye shi da abin da ka ware don rigar Sallah, wadda da ni ne zan ɗinka, ka taka da ƙafa har Badafi ka kai wa marayun. Babbansu yanzu shi ke jan salla a unguwarsu, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka. Duk wanda ya ba ka saƙon takarda ko tawada daga ƙauyukan nan sai ka sayo masa, ba ka kuma taɓa ɗora ko anini a kai ba. Sau ɗaya na ja ka kantin littattafan boko a Sabon Gari, inda kaya ke cikin gilashi. Ba ka karanta ko harafi ba. Ka ɗauki ɗaya ka daɗe kana duban ɗinkin bayansa, ka ajiye.

Na daɗe ina ce maka ka kawo littafin in ɗinke maka shi, don kada abin da ya faru ya sake faruwa. Amsarka ɗaya ce: “Mamman, kai kana ɗinke riga alhali hannu ɗaya bai zo ba?” Ka kuma ce in an ɗinke, ɗalibi ɗaya ne zai karanta, biyu su zauna suna kallonsa. Sai na ƙyale ka.

Tafiyarmu ta ƙarshe, a kakar da ta wuce, abin da ya rage bai fi wasu fallaye kaɗan daga babin ciniki ba. Tari ya riga ya kama ka, ba ka iya durƙuso mai tsawo, Malam Ɗanasabe ne ya riƙa miƙo maka adudu kana zaune. Ba mu sami komai ba. A karo na farko kai ka ce mu tashi kada jirgi ya bar mu, kuma wannan ya tsorata ni fiye da tarin. Bayan mun wuce Madobi ka juyo ka ce, “Mamman, allurarka tana huda takarda?”

Ka bi ɗalibanka gida-gida ka karɓo fallayen da ke hannunsu. Wata safiyar Alhamis ka zo zaurena da gafakar a hammata. Ban yi da keke ba, da hannu na yi, da babbar allura da zaren da na shafe da kaki, kana riƙe mini fallayen don kada su goce. Da muka iso wurin giɓin na yi niyyar wucewa, sai ka riƙe hannuna. Ka ce, “A nan kada ka ƙulla. Bar zaren da tsawo, ya sauko. In Allah ya kawo su, akwai inda za su shiga.” Na bar shi kamar kamu ɗaya, yana reto daga tsakiyar littafin. A aikina na ɗinki ban taɓa barin zare haka ba, kuma na faɗa maka ya yi muni. Ka ce ka ji.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gadonka a zaurenka. An raba gona da rumbu da tufafi da sauran littattafai lafiya. Da aka zo kan littafin mahaifinku, liman ya juya shi ya ga ɗinki. Ɗanka Muhammadu yana so, 'yarka Maimuna, wadda kai ka karantar da ita daga cikinsa, ita ma tana so, kuma kowannensu yana da haƙƙi. Wani daga cikin dattawa ya ce ai ɗinki ba komai ba ne, aska ma ta isa. Ni na san haka ne, don ni na yi ɗinkin. Sai Kulsum, wadda ke zaune daga bakin ƙofar cikin gida, ta sa aka miƙo mata littafin. Ta ɗora shi a cinyarta ta ce, “Ina nan aka kasa shi da farko, na ga kuma abin da ya biyo baya. Wanda zai yanke zaren nan, ya zo ya yanke shi a kan cinyata.” Can Muhammadu ya ce, “Gwaggo, a bar shi.” Maimuna ta ce ita ma ta bari. Aka shaida a gaban liman cewa littafin zai zauna a zaure, duk mai son karatu ya zo ya karanta a nan.

Makon jiya na je Kano ni kaɗai, don in sanar da mutanen Kurmi. Malam Ɗanasabe ya rufe fuskarsa da hannun riga, masu rumfunan suka taru aka yi maka addu'a a tsakiyar layi. Da na tashi tafiya ya ce wasu magada daga Gwarzo sun kawo adudu biyu, bai ko buɗe ba, yana jiran ka. Na ce masa ni ban iya Larabci ba. Ya ce, “Amma ai ka san hannun.” Na cire takalmi na durƙusa. Ban samu ba, Malam. Da na ɗaga kai ana kiran magariba, jirgin yamma ya tafi ya bar ni, kuma babu wanda zan yi wa mita. A nan ne rashinka ya kama ni, fiye da ranar da muka binne ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Safara'u, da Kulsum, da Muhammadu da Maimuna da Habiba, da ɗalibansa, da masu rumfunan Kurmi, waɗanda su ma sun yi rashi. Allah ya ba mu haƙurin zama ba shi. Duk kuma wanda ya ga falle mai rubutu karkace hagu, da ƙaramar da'ira ta jar tawada, don Allah ya aiko Yako a tambayi Mamman maɗinki. Zaren yana nan yadda ya ce a bari, allurar kuma tana wurina.

Allah ya jiƙanka, Malam Hamidu, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa karatun da za a yi a zaurenka ya riƙa isa gare ka. Allah ya haɗa ka da mahaifinka da yayanka Bashir a wuri ɗaya, inda ba a sake rabuwa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.